Kafofin Iskar da Na Toshe Maka, Dda Belaid

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Talata, 21 ga Mayu, 2024, da hantsi, ina kwance a ƙarƙashin karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, da zarto a hannuna, sai na ga ƙafafun Tlaytmas sun tsaya kusa da taya. Da na lura ta fito ba takalmi, na san abin da ya faru. Mahaifinta, mijin yayata Rkia, wanda muke kira Dda Belaid don girmamawa, ya cika a ɗakinsa da ke ƙauyen Tagadirt yana da shekara saba'in da takwas, bayan ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji. Mun yi masa sutura bayan la'asar a ranar.

Ni Mbarek ne, kafintan jiragen kamun kifi a Sidi Ifni. Rubutu ba sana'ata ba ce, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ya fi hannuna sauri. Amma yau kwana ashirin da uku ke nan, Dda Belaid, akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro. Tunda ba ka nan balle ka katse ni da tarinka da dariyarka, bari in faɗe ta daga farko.

Ina ɗan shekara goma sha biyu ka auri Yaya Rkia. Lokacin kana haƙar kwal a arewacin Faransa, sai shekara-shekara kake zuwa. Ka sha ba mu labarin ranar da aka ɗauke ku, yadda aka tuɓe muku riguna aka jera ku a rana a bakin kasuwa, ana duba haƙora ana matsa damtse. Wanda aka buga wa jan hatimi a ƙirji ya koma gida, wanda aka buga wa kore ya tafi. Kai kore ka samu. Shekara goma sha uku ka yi a ƙarƙashin ƙasa, ka dawo da ƙurar ramin a huhunka. Duk lokacin da tari ya sarƙe ka muka taso a ruɗe, sai ka ɗaga mana hannu, in numfashi ya dawo ka ce, "Ku zauna. Ƙirjin nan hukuma ce ta tabbatar da lafiyarsa, har da hatimi." Ban taɓa jin daɗin wannan barkwancin ba, kuma na gaya maka.

Kai ne ka cire ni daga bin awaki. Mahaifinmu ya rantse a kiwo zan ƙare, kai kuwa ka ga ina sassaƙa ƙananan jirage da wuƙa, ka zauna da shi kwana uku kana shan shayinsa har ya gaji ya ce a tafi da ni. Ka kai ni wurin maigidan da ya koya mini aiki, ka kuma kawo mini zarto daga Faransa a naɗe cikin bargo. Shi ne a hannuna ranar da ka rasu. Ba ni kaɗai ka yi wa irin wannan ba. Kowa a Tagadirt ya san in gida akwai mai jego ko mai tari, za a wayi gari a ga kwalbar zuma a kan katanga, kuma in an zo godiya sai ka hau zagin awakin mai godiyar don a canja magana.

Karafan ɗin kuwa, a 1979 ka jawo ta bayan wata tsohuwar fijo, tun daga Faransa har ƙofar gida. Ɗaki guda mai taya biyu, fari, mai zagayayyen baya, da gado da murhu da 'yar taga mai labule. Ranar duk ƙauyen ya fito kallo. Shekara ashirin da 'yan kai tana bin ka duk inda ka kai amyoyinka. Da bazara ta yi zafi a nan ƙasa, sai ka loda ƙudan zumanka ka haura duwatsun Ida Utanan inda za'atar, ɗan tsiron nan mai ƙamshi, ke fure, ka yi wata biyu a cikinta. Da ƙirji ya hana ka hawa, ka ajiye ta a gindin bishiyar argan ta bayan gida. Tayoyin suka sace, ta zauna daɓas a ƙasa, yara suka sa mata suna Kaza don ta yi kama da mai kwanci. Sunan ya bi ta har kai ma ka ɗauka.

Bayan ka daina hawa, maƙwabcinku ne ke haɗa amyoyinka da nasa ya haura da su, har shi ma tsufa ya zaunar da shi. Bara ƙudan suka yi bazara a ƙasa, fari ya cinye kashi ɗaya cikin uku. Kowa ya san in bana ma ba su hau ba, ragowar ba za su kai kaka ba. Yidir, babban ɗanka mai kanti a Kasabalanka, ya samo wanda zai saya gaba ɗaya, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, tausayin uwarsa ne. Tlaytmas kuwa, autarka, wadda tun ba ta kai tsayin amya ba take riƙe maka tukunyar hayaƙi, ta ce ita za ta hau da su. Yaya Rkia ta ce sam. Masu zuma a dutse cikin tanti suke kwana, wasu ma a ƙarƙashin mota, 'yarta ba za ta kwana a daji ba sai a ɗaki mai rufi da ƙofa da sakata. Aka tsaya a kan haka: in makon farko na Yuni ya zo da ɗakin, Tlaytmas ta hau, in babu, a kira mai saye.

Shi ne ka aiko a kira ni, cikin Oktoba. Na zagaya Kaza sau biyu, na danna yatsa a katakon ƙasanta, yatsan ya shige. Rufi na yoyo, ƙarfen ƙasa duk tsatsa, kaji na gaske sun yi shekaru suna ƙwai a kan gadon. Na ce maka wannan ashana take bukata ba kafinta ba.

Ka ce, "Sarkin jirgi, an ce babu abin da ya ruɓe da ya fi ƙarfinka. Ashe yabon 'yan kifi ne."

Ka san inda ake taɓa ni. Washegari na dawo da kayan aiki.

Rigimarmu ta farko a kan baƙinka ce. Da na ɓamɓare kwanon gaba, sai na tarar ƙudan zuma sun yi gida a cikin bangon, saƙa har tsawon hannu. Na ce a yi musu hayaƙi su watse mu ci gaba. Ka dube ni kamar na ce a kori limami daga masallaci. Ka ce ƙudan da suka zo da kansu suka sauka a gidan mutum baƙi ne, ba a korar su da sanyi, sai furanni sun buɗe a yi musu amya a roƙe su su koma. Na ce Dda Belaid, lokaci fa? Ka ce lokacin na Allah ne. Wata huɗu cur ban taɓa bangon gaba ba, ina aikin ƙarfe da rufi ina guna-guni, kai kuma kullum da safe ka fito da sandarka ka yi musu sallama. A ƙarshen Fabrairu Tlaytmas ta kwashe su da hannunta, kana zaune kana gaya mata inda uwarsu take, ko ɗaya bai harbe ta ba. Ni da nake tsaye can nesa, biyu suka same ni a kunne, kuma ka yi dariya har sai da aka kawo maka ruwa.

Daga nan azumi ya shigo, aiki ya ja baya. Bayan salla ƙirjinka ya tashi aka kwantar da kai asibiti a Agadir, mako uku. Na zauna ni kaɗai da Kaza, ina ta sauri, zuciyata rabi tana wurinka. A lokacin ne na shimfiɗa sabon katakon ƙasa. Na tarar da ramuka huɗu a tsohon, kowanne kamar tafin hannu, da ruɓaɓɓiyar raga a kai, ga kuma wani a rufi mai 'yar hula. Ni da na yi shekara arba'in ina farautar rami a jikin jirgi, me kake tsammani zan yi? Na toshe su duka. Na cusa igiya a kowace tsaga na bi da kwalta, na sa roba a bakin ƙofa da tagogi. Na watsa mata bokiti goma na ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Wallahi ranar na ji kaina, har na ɗauki hoto na aika wa Yidir.

Ka dawo ranar tara ga Mayu, da tukunyar iska da 'yar roba a hanci, ka rame har jallabiyarka ta yi maka yawa. Ko ɗaki ba ka shiga ba ka ce a kai ka wurin Kaza. Ka shafa sabon fentin, ka ja sakata ka mayar, ka yaba gadon. Sannan ka sa sandarka kana ƙwanƙwasa ƙasa, lungu-lungu, ka ɗaga kai ka dubi rufi.

"Sarkin jirgi, ina hancinta?"

"Hancin wa?"

"Na Kaza. Huɗu a ƙasa, ɗaya a sama."

"Na toshe. Jirgina ko ɗaya bai taɓa nutsewa ba."

"To ita a teku za ta yi iyo?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce ramukan nan ƙofar kunama ce da ƙura da sanyi, na ce lalacin masu ƙera ta ne, na ce wata bakwai na bar jiragen mutane a kan yashi ina bautar wannan gwangwanin, in aikina bai yi ba a kira wani. Na faɗi abin da ya fi haka ma, a gaban 'yarka. Ka bar ni har na gama. Ka san ni tun ina yaro, ka san ba a taɓa kayar da ni da baki ba, ko da gaskiya ta zauna a kan hancina.

Sai ka ce, "Shi ke nan, kai ne gwani. Gobe ka zo ka dafa mana shayi a ciki, mu sa mata albarka."

Washegari da la'asar sakaliya, matan suna can ciki suna aikin kuskus, muka shiga mu biyu. Ka cire robar hancinka ka bar tukunyar iskar a waje, ka ce ba a kai ta kusa da wuta, kuma gaskiya ne. Ka ce in rufe tagogi in sa sakata, yadda Tlaytmas za ta yi a dutse in sanyi ya sauko. Ka ce in kunna murhun duka kai biyu, ɗaya na buta ɗaya na ɗumi. Na yi, ina ta cika baki. Shayinmu kuwa ba a yi masa gaggawa. Muka sha na farko kana ba ni labarin wani ɗan Poland da kuka yi aiki tare, wanda a hannunsa ka sami Kaza. Kafin na biyu ya nuna, tagogin sun yi gumi ruwa na gangarowa. Kaina ya yi nauyi, na ɗauka gajiya ce. Da na ɗago zan miƙa maka kofi, na ga leɓunanka sun yi baƙi, kafaɗunka na hawa da sauka. Na zabura zan zare sakata, ka kama wuyan hannuna. Ban san ƙarfi ya rage maka haka ba.

"Dubi wutar," ka ce.

Na duba. Harshen da ke shuɗi ɗazu ya koma rawaya yana lanƙwasa.

"A ƙarƙashin ƙasa, abin da ke kashe mutum ba shi da wari." Kalma-kalma kake fitar da su. "Kai ka ji nauyin kai. Ita barci za ta ji. Ga ƙofa a rufe, yadda uwarta ta ce."

Na fizge hannuna na bankaɗe ƙofar, na ɗauke ka cak na fito da kai gindin argan, ina laluben robar ina kiran sunan Allah. Yaya Rkia ta fito da gari a hannunta. Da ta gane abin da muka yi, ta wanke mu tas. "Tsofaffi biyu, hankalin mutum ɗaya babu a tsakaninku! Kai Mbarek kan jaki, kai kuma Belaid, in mutuwa kake so ba ka bari ta zo da ƙafarta?" Kana kwance kana jan iska, amma na ga gefen bakinka yana motsi.

Dda Belaid, ga maganar da ta tsaya mini. Da na saurare ka a ranar farko, da ba ka shiga ɗakin nan ka auna mini iska da ragowar huhunka ba. Taurin kaina ne ya kai ka. Daga wannan ranar ba ka ƙara fitowa tsakar gida ba, kwana goma sha ɗaya kuma ka tafi. Likita ya ce huhun ya riga ya gama, Yaya Rkia ta ce kwana ne ya ƙare in daina ɗora wa kaina, malamai ma haka suka ce. Na yarda da ƙaddara. Amma ina jin ciwon abin, kuma zan ji shi har in same ka.

Na zo neman gafararka kwana biyu bayan shayin. Na durƙusa gefen shimfiɗarka. Ka ɗora hannu a kaina kamar ina ɗan shekara sha biyu, ka ce, "Shayin ne dai bai yi sukari ba. Tashi ka je ka huda mata hanci."

Huda shi kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, don na yi toshiyar da gaske. Sai da na cire gado da akwatunan da na kafe, na kankare kwaltar da na zuba da alfahari, na kwanta a ƙasa ina yanka katakon da na goge da hannuna. Tagar ɗakinka tana kallon argan. Tlaytmas ta ce in ka ji ƙarar zarto sai ka lumshe ido, in na tsaya ka ce, "Kawunki ya tafi shan taba ne?" Na buɗe ramin rufi, na buɗe uku na ƙasa. Ina kan na huɗu ta zo ta tsaya kusa da taya.

Bayan sadakar uku na koma ƙarƙashin Kaza. Mutane suna zuwa gaisuwa suna jin ƙarar guduma a bayan gida, na san wasu sun ce ba ni da kunya. Su faɗa. Yidir ne ya fara fitowa ya same ni, da fararen kayansa, ya tsuguna yana kallo. Na ɗauka zancen mai saye ya kawo, har na shirya masa amsa. Sai ya ce, "Kawu, wace irin raga ake sawa?" Shi ya je Tiznit ya samo ta ƙarfe mai ƙananan idanu, wadda ko jaririyar kunama ba za ta bi ba.

Ranar ɗaya ga Yuni na ce an gama. Yaya Rkia ta fito cikin fararen kayan takabarta, ta hau da ƙyar, ta rufe ƙofa a kanta. Muna waje muna jin sakata, ƙarau, ƙarau, har sau uku. Ta daɗe a ciki. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta dubi 'yarta ta ce, "Ki ɗauki bargon babanki, mai kauri. Ramukan nan sanyi za su shigo da shi." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma kowa ya gane.

Kwana biyu bayan haka aka loda amya arba'in da ɗaya, har da ta baƙinka na bango. Yidir ya ɗaura Kaza a bayan motarsa ya ja ta da kansa. Shekara ashirin da ɗaya rabon tayoyinta da hanya. Yaran da suka sa mata suna, yanzu da 'ya'yansu a kafaɗa, suka raka ta har bakin kwalta.

Shekaranjiya Tlaytmas ta kira ni daga dutse. Ta ce za'atar ya yi fure har ƙamshinsa na kama tufafi, ƙudan suna dawowa da nauyi, na bangon nan sun fi kowa aiki. Ta ce matar wani mai zuma ta leƙo ta ga ramukan, ta ba ta shawara ta cusa tsumma don iska na shigowa ta wajen ƙafa da asuba. Kafin ta rufe baki na fara ihu a waya. Ta bar ni na gama, kamar yadda kake yi, sannan ta ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Na gaya mata babana ne ya buɗe su." Ni na riƙe zarton, amma ban gyara mata ba, don gaskiya ta faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Rkia, wadda ta yi shekara hamsin da biyu tana sauraron numfashinka kafin ta yarda ta runtsa. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki gama takaba lafiya. Ina yi wa Yidir da ƙannensa ta'aziyya, da jikoki, da mutanen Tagadirt, da tsofaffin abokan ramin da suka rage, waɗanda suka zo jana'iza suna tari irin naka. Ke kuma Tlaytmas, Allah ya tsare ki a inda kike, ya sa albarka a abin da aka bar miki.

Ya Allah, ga bawanka Belaid ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa ciwon da ya ɗauka shekara da shekaru ya zama kaffara. Ka saka masa da kowace kwalbar zuma da ya ajiye a kan katangar wani ya gudu. Ya yi ƙuruciyarsa a rami mai duhu yana neman iska, ya yi tsufansa a sarari yana neman ta. Ka yalwata masa wannan ramin na ƙarshe, ka haskaka shi, ka buɗe masa kafa zuwa Aljanna wadda babu mai toshe ta, iskarta ta riƙa shigo masa. Ya ja ta har ƙasan ƙirjinsa, ba tari. Amin.